Nauyin Hoto Da Dabarun Rage Shi Ba Tare Da An Ɓata Kamanninsa Ba

GABATARWA

Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan nauyin hoto da dabarun rage shi. Nauyin da a ke nufi a nan ba irin wanda a ke aunawa da sikeli ba ne. Shi ne yawan wurin da hoto ke ci a cikin waya ko kwamfuta, kuma shi ke yanke tsawon lokacin da hoton zai ɗauka kafin ya isa inda aka aika shi, da kuɗin da za a kashe wajen aikawar. A da can wannan magana ta injiniyoyi ce su kaɗai. Amma tun daga 2001, lokacin da wayar hannu ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, sa'an nan hukumomi suka biyo baya suna mai da rajistar jarrabawa da neman aiki da katin shaidar ɗan ƙasa kan intanet, sai ɗalibi da akawu da malamin gona suka wayi gari a tsakiyarta, ko sun sani ko ba su sani ba.

Domin kada bayanin ya tsaya a sama, za a riƙa ɗauko misalai daga ƙasar Rogo, wadda ke can yammacin Jihar Kano, iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, wadda kuma ita da Ƙaraye ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Dalili kuwa shi ne, a cikin birni, inda layin sadarwa ke da ƙarfi, mutum na iya aika hoto mai nauyi bai ma san ya yi ba. A ƙauyen da sabis ke zuwa ya ɗauke kuwa, kowane kilobayit da lissafinsa. Alal misali, ɗalibi ya kan taso daga Zarewa ko Fulatan ko Ruwan Ɓago ya zo shagon kwamfuta domin cike fom, a ɗauke shi hoto tas da waya, shafin hukuma ya ƙi karɓa, wai ya yi nauyi. Mai shago, da ya ga layi na jiransa, sai ya matse hoton iya matsewa har ya shiga. Ran tantancewa a dubi takarda, a dubi fuskar mai ita, a rasa abin da ya haɗa su. Asarar kuɗin mota ke nan da ta yini guda, wani lokaci ma har da ta gurbin da a ke nema.

MENE NE NAUYIN HOTO?

Duk wanda ya taɓa ƙura wa hoton jarida ido ya san ba shafe ba ne, ɗige-ɗige ne ƙanana birjik, waɗanda nesa ke haɗewa su zama fuska ko gini. Hoton waya ma haka ya ke. An jera shi ne da ɗigo-ɗigo, layi bisa layi, kowane ɗigo ana ce masa fiksel. Kwamfuta ba ta san launi ba, lamba ta sani. Saboda haka kowane ɗigo lambobi uku ne ke bayyana shi, watau yawan ja, da yawan kore, da yawan shuɗin da ke cikinsa, kowace lamba daga 0 zuwa 255. Wurin da lamba ɗaya irin wannan ke ci shi a ke kira bayit. Bayit dubu su ne kilobayit ɗaya, kilobayit dubu kuma megabayit ɗaya.

Hoton farko da aka shigar cikin kwamfuta, wanda Russell Kirsch ya yi a Amurka cikin 1957, na jaririn ɗansa, ɗigo 176 ne a tsaye, 176 a kwance, jimla 30,976. Wayar hannu ta matsakaicin kuɗi kuwa ta kan ɗauki hoto mai ɗigo 4,000 a kwance, 3,000 a tsaye, watau miliyan 12. In aka ba kowane ɗigo bayit uku, an sami megabayit 36 ke nan a hoto guda. To, a ɗauka mutum na tsaye a bakin kasuwa, layinsa ba ya iya tura fiye da kilobit 100 a sakan ɗaya, ga shi kuwa bit takwas ke yin bayit. Hoton nan zai ci minti 48 kafin ya tafi, in layin bai yanke ba. In an rage shi ya koma megabayit 3, minti huɗu ne. In ya koma kilobayit 300, sakan 24 sun isa. Wannan shi ya sa babu wayar da ke ajiye hoto ɗanye haka nan sai in an umarce ta. Tun kafin mai ita ya duba abin da ya ɗauka, ta riga ta matse shi.

AUDUGA DA MAZARƘWAILA

Matsewa iri biyu ce, kuma duk mutumin ƙasar Rogo ya san misalinsu ko da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Iri na farko kamar ɗaurin auduga ne a gidan gurza. Ana danne ta da inji har abin da zai cika ɗaki ya koma dila guda, amma ran da aka kwance, audugar na nan ba ta ragu da ko zare ɗaya ba, iska kawai aka fitar. Wannan ita ce matsewa marar asara. Iri na biyu kamar dafa mazarƙwaila ne. Ana matse rake, a dafa ruwansa har ya ƙafe, a sami ɗan curi mai sauƙin ɗauka wanda zaƙin na ciki. Amma babu mai iya mai da mazarƙwaila ta koma rake. Wannan ita ce matsewa mai asara.

Matsewa marar asara ta dogara ne kan maimaici. In layin farko na farar takarda ɗigo dubu biyu ne duk farare, ba sai an rubuta lamba ɗaya sau dubu biyu ba, a ce fari sau dubu biyu ya wadatar. Da irin wannan dabara injin fas na ofisoshi ya yi aiki, tun bayan da aka tsayar da ƙa'idarsa a 1980. Akwai kuma wata dabara da ta girme ta, wadda tsofaffin ma'aikatan gidan waya suka sani. A rubutun tangarahu na Morse, harafin E, wanda ya fi kowane yawan fitowa a Turanci, ɗigo ɗaya tak aka ba shi, haruffan da ba safai su kan fito ba kuma aka ba su alamu masu tsawo. Da Bahaushe ne ya tsara shi, da harafin A ne zai sami wannan gata. Claude Shannon ya kafa ilmin wannan al'amari a 1948, ya nuna cewa kowane saƙo yana da iyakar da ba za a iya matse shi ya wuce ta ba sai da asara. A 1952 David Huffman, yana ɗalibi a lokacin, ya fito da hanyar raba gajeru da dogayen alamu bisa yawan fitowar kowane abu, hanyar da har yanzu tana cikin kusan kowace waya. Tsarin PNG, wanda ya fito a 1996, marar asara ne, kuma ya dace da zane da taswira da hoton rubutun da aka ɗauko daga fuskar waya.

Sai dai fa hoton kyamara ba shi da irin wannan maimaici. A dubi gonar rake: babu ganye biyu masu kore iri ɗaya, ko a ganye ɗaya ma ɗigo ya bambanta da maƙwabcinsa da ɗan kaɗan. Matsewa marar asara da ƙyar ta kan rage irin wannan hoto zuwa rabi ko sulusi. Wanda ke neman ragi na kashi tara cikin goma dole ya yarda ya zubar da wani abu. Tambayar ita ce, me za a zubar?

ABIN DA IDO BA YA KULA DA SHI

Amsar tana cikin halittar idon ɗan Adam. Ido ya fi kaifi wajen rarrabe haske da duhu a kan rarrabe launi da launi. Baƙin zare a kan farin yadi ana hango shi daga nesa, amma jan zare a kan koren yadi, in haskensu ya zo ɗaya, sai an matso. Masu talabijin sun daɗe da sanin haka, shi ya sa da aka zo ƙara launi a kan talabijin na baƙi da fari, ɗan wuri kaɗan aka ba shi. Abu na biyu, ido ya fi lura da sauyi mai faɗi, kamar inuwar da ta ratsa bango, a kan ƙananan tsage-tsagen da ke cunkushe wuri ɗaya, kamar tsakuwar cikin yaɓe. Waɗannan raunuka guda biyu su ne jarin masu matse hoto.

Tsarin da ya mamaye duniya da wannan dabara shi ne JPEG. Sunan na kwamitin masana ne da aka kafa a 1986, ya kuma fitar da ƙa'idarsa a 1992. Ƙashin bayansa wani lissafi ne da Nasir Ahmed, haifaffen Bangalore ta ƙasar Indiya, ya fara tunaninsa a 1972 yana koyarwa a Amurka, ya buga shi a watan Janairu 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao. Ya kyautu a bi aikin daki-daki, domin wanda ya fahimce shi zai gane kusan duk wata ɓarna da ya ke gani a hotuna.

Da fari ana raba haske da launi. Lambobin nan uku na ja da kore da shuɗi ana juya su su zama lamba ɗaya ta haske da biyu na launi. Sa'an nan, a mafi yawan wayoyi, a ɗauki ɗigo huɗu maƙwabtan juna, a bar wa kowane haskensa, amma a sa su yi tarayya a launi ɗaya. Lambobi goma sha biyu sun koma shida ke nan. Rabin nauyi ya tafi, kuma da wuya ido ya ankara.

Bayan haka sai a yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo takwas a tsaye, takwas a kwance, watau 64. A nan ne lissafin Nasir Ahmed ke shigowa. A ƙaddara akwai masaƙin tabarma da ke da zane iri 64 a kansa. Na farko fili ne, babu ado. Na biyu rabi haske rabi duhu. Daga nan ratsi na ta ƙaruwa, a tsaye da a kwance, har a kai na ƙarshe mai ƙananan gidaje kamar na dara. Lissafin ya nuna cewa kowane gida na hoto, ko mene ne a cikinsa, ana iya samar da shi ta hanyar ɗora waɗannan zane 64 bisa juna, kowane da gwargwadonsa. Saboda haka maimakon a rubuta hasken kowane ɗigo, sai a rubuta gwargwadon kowane zane. Har zuwa nan ba a yi asarar kirki ba, ba a kuma rage nauyi ba. Amfanin shi ne, a yawancin gidaje, kamar na sararin sama ko goshin mutum ko bangon ɗaki, zanen farko da 'yan kaɗan na kusa da shi ke ɗauke da kusan kome, sauran kuwa gwargwadonsu ɗan mitsitsi ne.

Mataki na gaba shi ne na wuƙa. Ana raba kowane gwargwado da wata lamba, a zubar da 'yan kai, kamar yadda mai awo ke cewa tiya bakwai alhali akwai ɗan abin da ya hau. Zane masu faɗi ana raba su da ƙaramar lamba domin su tsira kusan yadda su ke, masu ƙananan ratsi kuma da babbar lamba, sai yawancinsu su koma sifiri. Duk asarar kirki a nan ta ke faruwa. Daga ƙarshe a jera lambobin daga mai faɗi zuwa mai ƙanƙanta, sifirai su taru a wutsiya, a ce sauran duk sifiri ne, a bi ragowar da dabarar Huffman. Da haka megabayit 36 kan koma uku ko huɗu, mai hoto bai ga bambanci ba.

Lambar inganci da manhajoji ke nunawa, daga 1 zuwa 100, ita ke yanke kaifin wuƙar nan. Ba kashi cikin ɗari ba ce, kamar yadda mutane da dama ke zato, kuma 80 ta wannan manhaja ba lalle ta yi daidai da 80 ta waccan ba. Amma a bisa galibi, daga 100 zuwa wajen 85 nauyi na faɗuwa ƙwarai ido bai ga kome ba. Tsakanin 75 da 85 nan ne mazaunin yawancin hotuna. In an gangara ƙasa da 50, gidajen nan na takwas-takwas su kan fara bayyana, fuska ta yi kamar an jera ta da tubali, gefen haruffa kuma ya yi wani hazo kamar sauro sun kewaye fitila.

An yi sababbin tsare-tsare daga baya. Kamfanin Google ya fitar da WebP a 2010, wayoyin Apple suka koma HEIF a 2017, AVIF kuma ya fito a 2019. Duk sun fi JPEG iya ragi a inganci ɗaya, amma ba kowane shafin hukuma ke karɓarsu ba, kuma ɗalibin da shafi ya ce masa JPEG ba shi da ta cewa.

A RAGE GIRMA KAFIN A RAGE INGANCI

Kuskuren mai shagon da aka ambata a baya shi ne ya bar hoton da ɗigonsa miliyan 12, ya dinga sauke lambar inganci har ta kusa ƙasa. Hanyar da ta dace ita ce a fara tambayar girman da a ke bukata. Hoton fasfo mai faɗin milimita 35 da tsawon 45, in za a buga shi da ɗigo 300 a kowane inci, ɗigo 413 ne a kwance, 531 a tsaye. Duk abin da ya haura haka kaya ne da babu mai amfana da shi. Saboda haka a fara yanke gefe-gefe a bar kai da kafaɗu, a rage ɗigo zuwa wannan adadi, sa'an nan a adana a inganci wajen 80. Hoton zai faɗo cikin 'yan gomomin kilobayit, fuska kuma tas. Abin lura shi ne, in an raba faɗi biyu an raba tsawo biyu, ɗigo na komawa rubu'i ne, ba rabi ba. Farin bango marar ado a bayan mutum shi ma yana taimakawa, domin gidajensa kusan duk sifiri ne, sai rabon ya tafi ga fuska.

Wani abin kiyayewa shi ne maimaita matsewa. Duk lokacin da aka buɗe hoton JPEG aka gyara aka sake adanawa, wuƙar nan ta sake bi ta kansa. Haka nan in an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar kan rage shi, kuma ta kan cire bayanan da kyamara ke liƙawa a ciki, irin su ranar ɗauka da samfurin waya. Wanda ya karɓa ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura wa wani, wancan ya gyara ya tura gaba, kafin takarda ta kai ofis na huɗu ta zama kamar kwafin kwafin takardar kabon. Maganin abin shi ne a ajiye na asali kada a taɓa shi, duk gyara a yi a kan kwafi, in kuma takarda ce mai muhimmanci a tura ta a matsayin fayil, domin ta haka ta ke isa yadda ta ke.

TAKARDA BA FUSKA BA CE

Duk dabarar JPEG an gina ta ne kan cewa ƙananan ratsi ba su da muhimmanci. A fuska da gona haka ne. A takarda kuwa ƙananan ratsin su ne saƙon kansa. Abin da ya raba 1 da 7 ɗan gajeren layi ne, abin da ya raba 3 da 8 ɗan lanƙwasa ne, a Hausar boko ma ƙugiyar da ta raba ƙ da k ko ɗ da d ba ta fi 'yan ɗigo ba. Jan hatimi da shuɗin biro sun fi shan wuya, tun da launi ne a ke fara ragewa. Haka abin ya ke ga zanen yatsa. Hukumar FBI ta Amurka ta ga gidajen JPEG na katse layukan yatsa, sai ta tsayar da nata tsari mai suna WSQ a 1993, wanda ke rage nauyi wajen ninki 15 ba tare da yanka hoton gida-gida ba.

Misali mafi ban tsoro ya fito ne daga Jamus a watan Agusta 2013. Wani masanin kwamfuta, David Kriesel, ya lura cewa wasu injunan kwafi na kamfanin Xerox suna sauya lambobi a takardun da aka shigar da su, har girman ɗakuna a zanen gini ya canza, 6 kuma ta kan koma 8. Injin na amfani ne da wani tsari, JBIG2, wanda in ya ga alamu biyu sun yi kama sai ya ajiye ɗaya ya riƙa liƙa ta a gurbin ɗayar. Illar ita ce takardar na fitowa tsaf, babu dishi-dishi, babu abin da zai sa mai karatu ya yi shakka. Kamfanin ya amsa, ya fitar da gyara. Hoton da ya dushe ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, domin shi aƙalla yana faɗa wa mai dubawa cewa kada ya amince da shi. Irin wannan haɗari ya dawo da sabuwar riga a manhajojin da ke cewa za su wanke tsohon hoto su fito da shi fes. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Manhajar na cike gurbin ne da ƙiyasi, kuma ƙiyasi ba ya zama shaida a kan takardar gona ko ta albashi.

TAKARDAR SAKAMAKON ZAƁE

Babu inda wannan magana ta fi nauyi a ƙasar nan kamar a rumfar zaɓe. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta fara sanya hotunan takardun sakamako a shafinta na IReV a watan Agusta 2020, a wani zaɓen cike gurbi a Jihar Nasarawa, ta kuma fara aiki da na'urar BVAS a 2021. A babban zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, tsarin shi ne bayan an ƙirga ƙuri'u an cike fom EC8A, wakilan jam'iyyu sun sa hannu, jami'in rumfa ya ɗauki hoton takardar da na'urar ya tura. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar a lokacin, 11,222 daga cikinsu a Jihar Kano, ciki har da na mazaɓu goma na Rogo. Kowace rumfa takarda uku za ta tura a ranar, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, watau hotuna sama da rabin miliyan. Da ɗanye za a tura su, da nauyinsu ya doshi megabayit miliyan 19. Ashe ba don matsewa ba, da tunanin ma bai taso ba.

An san abin da ya faru. Hotunan sakamakon shugaban ƙasa sun yi jinkirin shiga shafin, hukumar kuma ta bayyana daga baya cewa tangarɗa ce a tsarin manhajarta, ba nauyin hoto ba. Kotun Ƙoli, a hukuncinta na 26 ga Oktoba 2023, ta ce shafin ba wurin tattara sakamako ba ne a ƙarƙashin dokar 2022. Amma akwai wani ƙorafi da ya shafi wannan lacca kai tsaye, watau hotunan da suka shiga amma ba su karantuwa. Takardar da ba ta karantuwa, shigarta da rashin shigarta duk ɗaya ne ga mutumin Gwangwan ko Beli da ke son ya gwada abin da aka ƙirga a gabansa da abin da aka sanar.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da a kan cakuɗa. Dishi-dishin hoto galibi ba daga matsewa ya ke zuwa ba, daga wurin ɗauka ne. Ƙirga kan kai magariba ko dare. In haske ya yi ƙaranci kyamara kan daɗe a buɗe, hannu ya ɗan motsa, rubutu ya shafe. Tana kuma ƙara ƙarfin ganinta, hoton ya fito kamar an watsa masa yashi, kuma wannan yashi, da ya ke ƙananan ratsi ne barkatai, yana cinye rabon da ya kamata a ba haruffa. Watau mummunan hoto ya kan fi kyakkyawa nauyi. Takarda mai girman A4, in an ɗauke ta da ɗigo 200 a inci, ɗigo 1,654 ne a kwance, 2,339 a tsaye, ƙasa da miliyan huɗu, kuma wannan ya isa a karanta rubutun hannu sarai, da sharaɗin takardar ta cika hoton. In jami'i ya tsaya nesa har takarda ta ci rubu'in hoto, sauran kuwa tebur ne da ƙafafun mutane, to kashi uku cikin huɗu na ɗigonsa sun tafi a banza. A shimfiɗa takarda a wuri mai baiɗaya, a tsaya daidai bisa kanta, a haska ta daga gefe domin kada ta yi ƙyalli, a dafe gwiwar hannu, sa'an nan a buɗe hoton a faɗaɗa shi a karanta lambobin kafin a tura. Wannan horo na minti goma ne, kuma ya shafi akawun kotu da na ofishin filaye da malamin asibiti kamar yadda ya shafi jami'in zaɓe.

Malamin gona kuwa tasa bukatar daban ce. In manomi ya turo hoton ganyen masara domin a gane ko tsutsar nan ce da ta ɓulla a Nijeriya a 2016 ko kuwa ƙarancin taki ne, launi da ƙananan huji su ne abin dubawa. Gara a matso kusa a ɗauki ganye ɗaya da rana, a yanke sauran, da a ɗauki gona sukutum a matse.

ABIN DA ZA A AJIYE DOMIN GOBE

Ƙa'idar aikawa daban, ta ajiya daban. Tun cikin shekarun 1960 masana suka riƙa ɗaukar hotunan rubuce-rubucen Larabci da ajami a kan siririn fim, kamar yadda Shirin Binciken Tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya yi bayan kafa shi a 1964. Wannan fim baƙi da fari ne, saboda haka jan tawadar da marubuci ya yi wasali ko ya ja layi da ita ta kan saje da baƙa, mai nazari na baya ya rasa abin da aka yi wa alama. Masu wannan aiki sun yi iyakar abin da kayan zamaninsu suka ba su dama. Wanda ke da kyamara mai launi ya kuma zubar da launin da hannunsa ba shi da irin wannan uzuri.

Shi ya sa manyan ma'ajiyai, irin su shirin ceton takardu na Laburaren Birtaniya da aka fara a 2004, ke neman a ajiye hoton asali a tsarin TIFF, ba tare da asara ba, ko da shafi ɗaya zai ci megabayit gomomi, sa'an nan a fitar da ƙaramin JPEG daga jikinsa domin masu karatu. Wannan tsari na kwafi biyu shi ya dace da littattafan malamai da ke jibge a zaurukan ƙasar Ƙaraye da Rogo, da rajistar kotunan gargajiya, da takardun gado da na cinikin gonaki, waɗanda gara da ɗigar damina ke ci kowace shekara. Sau da yawa dama ɗaya a kan samu ta ɗaukar irin wannan takarda, domin in an dawo baɗi mai yiwuwa gefenta ya zube. Babban kwafin a ajiye shi wuri biyu aƙalla, ba a gini ɗaya ba, a sa wa kowane fayil suna mai nuna gari da littafi da lambar shafi, kuma a ajiye ma'auni a gefen takarda lokacin ɗauka domin a san ainihin girmanta.